Layin da aka ja daga Hiroshima zuwa duwatsun Rano

Duk wanda ya bi hanyar Rano zuwa Kibiya ya ga manyan duwatsun da suka yi wa gonaki rumfa. Irin wannan dutse na ɗauke da ɗan yuraniyom tun asalinsa, yana kuma fitar da radiyeshin, wato haske marar ganuwa mai ratsa jiki, har da iskar radon da kan taru a ɗakin da ba a buɗe taga. A duniya, matsakaicin radiyeshin da mutum ke sha daga ƙasa da sama da abinci milisibat (ma'aunin radiyeshin da jiki ya sha) 2.4 ne a shekara. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce 0.1 ba.

To, nawa ne ke jawo ciwon daji? Yawancin amsar daga Japan ta fito. Tun 1950 likitoci ke bibiyar mutum kusan 120,000 na Hiroshima da Nagasaki, biranen da aka jefa wa bam ɗin nukiliya a 1945. Daga milisibat 100 zuwa sama, ƙarin cutar a fili yake. Ƙasa da haka kuwa sai ya ɓace cikin dubban masu kamuwa saboda taba ko tsufa ko gado. Da ido ya gaza, sai masana suka ja miƙaƙƙen layi daga manyan adadi har zuwa sifili: rabin adadi, rabin haɗari, kuma babu adadin da aka wanke. Bisa wannan layi, milisibat 1,000 na ƙara haɗarin mutuwa sanadiyyar ciwon daji da kusan kashi 5 cikin 100, hoton ƙirji kuma mutum 1 cikin 200,000.

Wannan lissafi ne, ba ƙidayar majinyata ba. A Kerala ta Indiya, inda yashin gaɓar teku ke fitar da radiyeshin mai yawa, bincike bai nuna ƙarin cutar ƙarara ba, shi ya sa wasu ke cewa layin ya yi zuzutawa. Duk da haka a kansa aka gina iyakokin da hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya ke aiki da su a Nijeriya: milisibat 20 a shekara ga ma'aikaci, 1 ga sauran jama'a.

Mai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, in ya guji hoton ƙirji a asibitin Rano don tsoron na'ura, ya yi mugun ciniki. Inda ya kamata a tsaya a tambayi likita shi ne maimaita hoton CT na ciki a Kano, domin ɗaya kan kai hoton ƙirji 100.