Ƙananan kuɗin kirifto da matsalar yarda

A wannan ɗan bayani za mu duba abin da ya sa ƙananan kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet da suka biyo bayan Bitcoin ba su kai girmansa ba, suke durƙushewa.

Mu fara da kalmar kanta. A Hausa « kuɗi » jam'in « wuri » ne. A ƙarni na 19, da ƴan kasuwar Turai suka yi ta jibgo wuri daga Zanzibar, sai darajarsa ta zube saboda yawa. Haka abin yake a nan: an ƙayyade Bitcoin ba zai wuce miliyan 21 ba, amma ƙananan kuɗin dubbai ne, kuma kowa yana iya ƙirƙiro nasa.

Dalili na biyu, masu sayensu kaɗan ne. In babban mai riƙe da su ya sayar, farashi ya faɗi nan take, hasarar ta hau kan ƙaramin mai zuba jari da ya shigo daga baya.

Na uku, yarda ta karye. Luna ya rushe a watan Mayu 2022, kamfanin FTX ya karye a Nuwamba. Da Amurka ta amince da asusun hannun jari na Bitcoin a Janairu 2024, manyan kamfanoni can suka karkata.

Ke nan, kuɗi yarda ne, kuma wanda aka cinye masa jari sau biyu da wuya ya sake dawowa kasuwa.