Borin Jini da Ƙaiƙayin Fata: Yadda Za a Yi Amfani da Maganin Gargajiya

Mene ne borin jini?

Wani lokaci jikin mutum ba ya jituwa da abin da ya ci ko ya taɓa. Sai fata ta kumbura, ta yi ruɗu-ruɗu, ta dinga ƙaiƙayi. Wannan shi ne borin jini. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba sammu ba ne.

A ƙasar Matameye, abubuwan da kan tayar da shi sun haɗa da ƙaiƙayin gero lokacin sussuka, maganin feshi a garaken fadama, sabulu mai ƙarfi da baƙin lalle na kasuwa. Wasu kuma gyaɗa, kifi ko ƙwai ne ba sa karɓar jikinsu. Iskar hunturu tana busar da fata, ta ƙara tsananta ƙaiƙayin.

A fara gane ciwon

Ba kowane ƙaiƙayi ne borin jini ba. Ƙazuwa takan fito tsakanin yatsu, ta fi damu da dare, kuma takan kama mutanen gida da yawa. Wata ƴar mitsitsiyar halitta ce ke haddasa ta, don haka sai an karɓo maganinta a likita, dukan gida su shafa tare. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Abin da ke kawo sauƙi

• Man kaɗe: yana tausasa fata, ya hana ta tsagewa. A shafa mai tsabta bayan wanka, tun jiki bai bushe ba.
• Ganyen dogon yaro: iyayenmu sun daɗe suna dafa shi don wanka. A tace ruwan, a bari ya huce sarai.
• Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi na randa: a ɗora na ɗan lokaci, yana kwantar da ƙaiƙayi.

Kafin a shafa kowane magani, a gwada kaɗan a cikin dantse, a jira kwana 2. Idan wurin ya yi ja ko zafi, a bar shi.

Waɗannan duka sauƙi suke kawowa. Babban magani shi ne a gano abin da ke tayar da ciwon, a nisance shi.

Abin da za a guje wa

• Kada a shafa nonon tumfafiya. Yana ƙona fata, yana lahanta ido.
• Kada a ba yaro man dogon yaro ya sha. Guba ne a gare shi.
• Kada a sa toka, kanwa ko garin magani a kan miki.
• Kada a sayi garin da ba a san abin da aka haɗa ciki ba.
• A yanke farcen yaro don kada susa ta zama gyambo.

Yaushe za a tafi likita?

Idan ƙurajen sun yi mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko an yi mako 1 babu sauƙi, a je likita mafi kusa. Jariri kuwa a kai shi tun da farko.

Idan leɓe, harshe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, kada a tsaya dafa ganye. A garzaya asibitin Matameye nan take, ko da tsakar dare ne. A tafi da maganin da aka yi amfani da shi a gida, a nuna wa ma'aikacin lafiya ba tare da jin kunya ba.