JAMI'AR DA TA HANA ƊALIBI KARATU SHI KAƊAI

Cikin watan Agusta na 2021 aka sauke allurar rigakafin cutar korona wajen miliyan 4 a Abuja, irin ta kamfanin Moderna, gudummawa daga Gwamnatin Amurka. Wataƙila cikin masu karanta wannan jarida akwai waɗanda aka yi wa ita a dantse. Amma muna zaton kaɗan ne su ka san cewa cikin manyan masanan da su ka tsara wannan allura a 2020 akwai wata mace baƙar fata, Dokta Kizzmekia Corbett, a lokacin tana da shekara 34. Yau za mu ba da labarin inda aka rene ta, domin a ganinmu malaman makaranta za su tsinci abin amfani a ciki.

Da farko ya kamata a bambanta likita mai duba marasa lafiya da masani mai binciken asalin cuta da maganinta. Shi na biyun, bayan ya sami digirin farko sai ya ƙara shekara biyar ko shida a ɗakin gwaje-gwaje kafin a kira shi Dokta. A Amurka baƙaƙen fata sun kai wajen 13 cikin 100 na jama'ar ƙasar, amma rabonsu cikin irin waɗannan masana bai kusanci haka ba. Ba wai ba su sha'awar ilmin kimiyya ba ne. Da yawa su kan shiga jami'a da niyyarsa, sai shekarar farko ta kayar da su a lissafi da ilmin haɗa magunguna, su koma wani fanni. A da har akwai al'adar malami ya ce wa sababbin ɗalibai kowa ya dubi na damansa da na hagunsa, don wai cikinsu akwai wanda ba zai kai ƙarshe ba. Kuma alfahari a ke yi da wannan magana!

Wanda ya tashi gyaran wannan al'amari shi ne Dokta Freeman Hrabowski. An haife shi a Birmingham ta Jihar Alabama cikin 1950. Yana da shekara 12 ya shiga jerin gwanon da yara su ka yi a 1963 don neman a daina wariyar launin fata, aka kulle shi kwana biyar. Ya karanta lissafi, ya sami digirin Dokta yana da shekara 24. Cikin 1987 ya kama aiki a Jami'ar Maryland ta gundumar Baltimore, wadda a ke kira UMBC a taƙaice, ya kuwa zama shugabanta daga 1992 zuwa 2022. A 1988 wani attajiri mai suna Robert Meyerhoff da matarsa Jane su ka ba da dala wajen dubu 500, aka kafa shirin da a ke kira da sunansu. A 1989 aka ɗauki samari 19, dukansu baƙaƙen fata. Shekarar da ta biyo aka soma ɗaukar 'yan mata.

To, mene ne a ke yi musu? Sukolashif dai ana ba su, amma kuɗi shi ne mafi ƙanƙanta cikin al'amarin. Kafin a buɗe jami'a sai a tara su mako shida, ana koya musu lissafi da kimiyya tun da sassafe, ana kuma horonsu a kan kiyaye lokaci. A shekarar farko gida ɗaya su ke kwana. An umurce su su zauna a sahun gaba cikin aji, su yi tambaya, su bi malami ofishinsa in ba su gane ba. Wanda ya ci jarrabawar wani darasi na tushe da ƙyar, a kan shawarce shi ya maimaita shi, ko da ya ke a takarda ya wuce, don kada a ɗora gini a kan rubabben harsashi.

Babban ginshiƙin shirin kuwa shi ne karatun taro. Tun cikin shekarun 1970 wani malamin lissafi, Uri Treisman, ya lura a Jami'ar California ta Berkeley cewa ɗalibai baƙaƙen fata masu ƙwazo kowa ɗakinsa ya ke shiga ya rufe ƙofa ya yi ta fama shi kaɗai, alhali ɗalibai 'yan asalin Sin su kan taru su warware lissafi tare, wannan ya gyara kuskuren wancan. Yaron da ya saba zama na ɗaya a makarantarsu kunya ya ke ji ya ce bai gane ba, balle in yana tsoron a ce ai dama irinsu ba su iyawa. Sai ya yi shiru har jarrabawa ta tona shi. A shirin Meyerhoff an mai da karatun taro wajibi, an kuma sanar da su cewa neman taimako aikin mai son ya yi fice ne, ba alamar rashin ƙoƙari ba. Maganar nan ta duban dama da hagu ma Hrabowski ya juya ta: ya kan gaya musu nufin jami'a shi ne duka ukun su gama, in ɗaya ya faɗi to da laifin jami'a a ciki. Mu dai mun san irin yaron nan mai rufe ƙofa, kusan kowane aji akwai shi.

Sa'an nan ba a jira sai sun gama digiri kafin su taɓa kayan gwaji. Tun suna ƙananan ɗalibai a ke sa su ɗakin bincike a ƙarƙashin babban masani. Farfesa Michael Summers, mai binciken ƙirar ƙwayar cutar ƙanjamau, ya yi suna wajen cika ɗakinsa da irin waɗannan ɗalibai, har sunayensu na fita tare da nasa a takardun bincike.

Wani zai ce, ai masu ƙwazo aka zaɓa tun farko, ko ina su ka je da sun ci nasara. Wannan magana ba ta banza ba ce, an kuwa gwada ta. Aka bi sawun waɗanda aka ba gurbi a shirin amma su ka zaɓi wasu jami'o'i, masu maki daidai da na waɗanda su ka zauna. Sai aka tarar 'yan Meyerhoff sun fi su shiga karatun digirin Dokta a kimiyya wajen ninki biyar. Cikinsu ne Dokta Corbett ta fito a 2008. Haka kuma Dokta Jerome Adams, wanda ya riƙe muƙamin babban likitan Gwamnatin Amurka daga 2017 zuwa 2021. Daga 2013 Jami'ar Jihar Pennsylvania da Jami'ar North Carolina ta Chapel Hill su ka kwaikwayi shirin, ya kuwa yi kyau a can ma, watau ba albarkacin mutum ɗaya ba ne kurum.

Amma kada a ɗauka digiri ya kashe matsala. Wani bincike da aka buga a mujallar Science cikin 2011 ya nuna cewa masani baƙar fata in ya nemi kuɗin bincike daga Hukumar Binciken Lafiya ta Amurka, damarsa ta gaza ta Bature da maki 10 cikin 100, ko da ilminsu da wurin aikinsu sun zo daidai.

Ga kuma shari'a. Cikin 1994 wata kotun ɗaukaka ƙara ta haramta wani sukolashif na baƙaƙen fata zalla a babban reshen Jami'ar Maryland, saboda haka a 1996 aka buɗe shirin Meyerhoff ga kowane ɗalibi mai son a yawaita marasa rinjaye cikin kimiyya, ko wane launi ne shi. A 2023 Kotun Ƙoli ta Amurka ta hana jami'o'i duban launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. A 2025 kuma Gwamnati ta soke kuɗin shirye-shirye da dama na horar da masu bincike daga cikin marasa rinjaye, har da wanda a ke kira MARC, mai asali tun shekarun 1970. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai ɗaliban da su ke tsakiyar karatu, sun riga sun soma aiki a ɗakin gwaje-gwaje, aka ce da su alawus ɗinsu ya ƙare.