Idan firintar 3D ta daina fitar da zare: abin da za ki duba kafin ki nemi mai gyara

Firintar 3D ta fara shiga gidajenmu a hankali. Wata don sana'a ta saya, tana fitar da sunayen da ake kafawa a kan kek da maƙalan makulli na rabon biki da suna. Wata kuma ɗanta ne ko 'yarta ke karatun injiniya, aka haɗa kuɗi aka saya don aikin makaranta. Ko ta wace hanya ta shigo, wata rana za ki ji tana "ƙas, ƙas, ƙas", kanta na ta kai-komo amma babu abin da ke fitowa. Ga kuɗin mutane kin karɓa, ga biki jibi, masu gyaran irin wannan na'ura kuwa ba a kowane gari ake samunsu ba.

Ki kwantar da hankalinki. Galibin wannan matsala a gida ake maganinta, da allura siririya da filaya da haƙuri.

Ki fara sanin hanyar da zaren ke bi

Ƙananan firintocin gida, irin su Ender 3 ta kamfanin Creality, da zaren roba suke aiki, mai kaurin milimita 1.75, naɗe a kan kwarkwaro. Akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ke cizon zaren yana tura shi cikin farin bututu, har ya isa kan firintar inda zafi ke narkar da shi. Daga nan sai ya fito ta baki, wani ɗan tsinin tagulla da raminsa yawanci milimita 0.4 ne kacal. Ramin da bai kai rabin milimita ba, ɗan datti kaɗan ya isa ya toshe shi.

A asibiti, idan ƙarin ruwa ya tsaya, ba ma fara cire allurar daga hannun majiyyaci. Daga sama muke bi: ledar ruwan, sai bututun ko ya lanƙwashe, sai maɓallin, sannan a ƙarshe allurar. Haka za ki yi wa firinta. Mutane da yawa baki suke fara kwancewa, alhali matsalar tana can wajen kwarkwaro.

Kafin ki taɓa komai, ki fitar da ƙananan yara daga ɗakin, ki gyara mayafinki kada ya riƙa lilo a kan na'urar. Bakin nan yana kai digiri 200, ninki biyu na zafin tafasasshen ruwa, kuma ba ya yin ja balle ido ya gane.

Mataki na ɗaya: kwarkwaro

Ki juya shi da hannu. Yana juyawa a sake? Idan an taɓa sakin bakin zaren ya shige ƙarƙashin wani zagaye, to ya sarƙe, kamar yadda zaren keken ɗinki ke yi. Ki warware 'yan zagaye har ki ga inda ya harɗe. Daga yau, duk lokacin da kika cire zare, ki soka bakinsa a ɗan ramin da ke gefen kwarkwaron.

Sannan ki lanƙwasa zaren kaɗan. Mai kyau yana lanƙwasuwa. Idan ya karye kamar busasshiyar taliya, ko kuma kina jin ƙarar "tas-tas" lokacin da yake narkewa, alama ce ta ya sha danshi.

Mataki na biyu: haƙoran da ke tura zare

Wannan ƙarar ta "ƙas-ƙas" daga nan take fitowa: injin na ƙoƙarin turawa, wani abu ya tare. Ki duba ko akwai garin roba a wurin. Idan akwai, haƙoran sun goge zaren har sun yi masa rami, ba su da abin kamawa. Ki cire zaren, ki yanke wurin da ya cinye, ki goge haƙoran da tsohon buroshin haƙori. Sabon bakin zaren ki yanke shi a karkace, kamar fiƙen fensir, don ya shige ba tare da ya maƙale ba.

Ki kuma duba hannun da kike dannawa wajen sa zare. A firintocin da hannun na roba ne, yakan tsage ta ƙasa inda ba a gani, sai matsinsa ya ragu. Ana sayar da na ƙarfe, ya fi ƙarko.

Mataki na uku: gwajin hannu

Ki ɗora zafin baki ya kai digiri 210 idan zaren PLA ne. PETG ya fi son zafi, tsakanin 230 zuwa 250. Adadin da ya dace a rubuce yake a jikin kwarkwaro. Ki danna hannun nan ki tura zaren da yatsunki.

Idan ya fito a miƙe da kauri, bakin lafiya yake. Matsalar na sama, ko kuma bakin ya matse da farantin da ake gini a kai har ba ya samun wurin fita. Tsakaninsu ya kamata farar takarda guda ta wuce da ɗan gogayya.

Idan ya fito siriri yana nannaɗewa gefe guda, akwai datti a ciki. Idan kuwa ya ƙi motsi sam, ya toshe gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: buɗe bakin

Ki fara da siririyar allurar da ke zuwa cikin kwalin firinta. Baki na da zafi, ki riƙe allurar da filaya, ki soka ta ƙasa sau uku ko huɗu a hankali. Kada ki sa allurar ɗinki ko fil, kaurinsu zai buɗa ramin ya lalata aikinki.

Idan bai yi ba, ga dabarar da ta fi kowacce. Ki zare farin bututun daga kan firintar, ki ɗora zafi, ki tura guntun zare kai tsaye iya inda zai shiga. Sai ki sauke zafin kina ɗan danna zaren. Da ya sauko wajen digiri 90, ki riƙe kan firintar ta inda babu zafi, ki fizgo zaren sama da ƙarfi. Zai fito da siffar cikin bakin, dattin na manne a jikinsa. Ki yanke, ki maimaita har tsinin ya fito fes. Farin zare ya fi, don ki ga abin da ya fito.

Idan duk wannan bai yi ba, ki canza bakin. Ba shi da tsada, ki riƙa ajiye biyu ko uku. Da zafinsa ake kwance shi, da zafinsa ake ɗaurewa, ana riƙe sandar da yake jiki da sufana don kada wayoyin su tsinke. Ki duba ƙarshen farin bututun ma: idan ya yi baƙi ko ya motse, ki yanke shi daidai, ki tura shi har ya taɓa bakin. Ɗan giɓi a tsakaninsu yana tara narkakkiyar roba, gobe ma ta sake toshewa.

Abubuwan da yanayinmu ke jawowa

Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan zare, ya kai ta har cikin baki. Ki yanki ɗan soso mai tsabta ki maƙala shi a jikin zaren kafin ya shiga injin, ki kuma lulluɓe firintar idan ta huce.

Da damina, ki sa zaren cikin roba mai murfi tare da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. Ki ajiye su nesa da yara. Da bazara kuma, ki tuna PLA na fara laushi tun daga wajen digiri 60, don haka kada ki bar shi cikin mota a rana.

Sai ɗaukewar wuta. Akwai 'yar fanka a kan firintar da ke hana zafi hawa sama. Idan wuta ta ɗauke baki na da zafi, fankar ta tsaya, zaren na iya kumbura a sama ya maƙale. Saboda wannan dalilin, kada ki kashe firinta da zarar ta gama. Ki jira zafin ya sauko ƙasa da 50. Idan wuta ta dawo, ki yi gwajin hannu kafin ki sa sabon aiki.

Idan wani ya ƙone

Nan kam aikina ne, ki saurare ni da kyau. Ki tara wurin a ruwan sanyi mai gudana na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko gishiri. Ki cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kada ki fasa ƙurjin da ya tashi, kuma idan roba ta manne da fata kada ki ɓanɓare ta. Ƙunar jariri, ko wadda ta shafi fuska, yatsu ko gaɓa, ko wadda ta yi fari ba a jin zafinta, asibiti ake kai ta.

Ki riƙa buɗe taga yayin da firinta ke aiki, musamman da zaren ABS mai wari, kuma kada ki aje ta a ɗakin da yara ke kwana, balle mai asma.

Idan kika ji ƙaurin waya, ko lambar zafin na tsalle sama da ƙasa, ko na'urar ta rubuta gargaɗi ta tsaya da kanta, ki zare ta daga wuta. Wannan ya wuce gyaran gida, sai wanda ya san aikin lantarki. Sauran kuwa, ki gwada su yau tare da babban yaronki ko 'yarki, ki nuna musu tun daga kwarkwaro har baki. Allah ya sa albarka a sana'a.