Farar Takarda a Matsayin Haske: Nazari a kan Zanen Tashar Jiragen Ruwan Antwerp na Jongkind

A shekarar 1868, Johan Barthold Jongkind (1819-1891), mai zane ɗan ƙasar Holan wanda ya yi yawancin aikinsa a Faransa, ya zana faɗuwar rana a tashar jiragen ruwan Antwerp da ke bakin kogin Scheldt a Beljiyam. Babu launi a zanen, baƙar tawada ce kawai bisa farar takarda. To, ta yaya baƙin layi zai nuna haske da kwanciyar ruwa?

Amsar tana cikin dabarar da Faransawa ke kira eau-forte, wato ruwa mai ƙarfi. Akan shafe farantin jan ƙarfe da kaki, mai zane ya karce kakin da allura, sannan a tsoma farantin cikin asid. Asid ba ya cin ko'ina sai inda allura ta tone. Daga nan a wanke kakin, a cusa tawada cikin ramukan, a goge sauran, a matse farantin da takarda mai danshi. Saboda haka duk inda allura ba ta bi ba, fari zai fito. Ke nan mai wannan sana'a ba shi da ikon ƙara haske, sai dai ya bar masa wuri.

Haka Jongkind ya yi. Ya tsayar da dogayen itatuwan jirage da layuka masu kauri, ya zana saman ruwa da gajerun layuka a kwance, masu rata a tsakaninsu. Wannan ratar ita ce hasken rana a kan kogi. Inuwar jiragen da ta sauka cikin ruwa kuwa ita ke shaida cewa babu igiyar ruwa, domin ruwa mai motsi ba ya riƙe inuwa.

Muhimmancin zanen ya wuce kyawunsa. Claude Monet ya haɗu da Jongkind a 1862, ya kuma ɗauke shi a matsayin wanda ya horar masa da ido. Zanen Monet na tashar Le Havre, da aka baje a 1874, daga gare shi mazhabar Impressionnisme ta samo suna. An saba bayyana mazhabar da fasahar launi, amma aikin Jongkind ya nuna cewa tushenta shi ne kama haske a ɗan lokacin da ido ya gan shi, ko da launi ko babu.