Hasumiyar Jamestown: Fitilar teku da ta ga sauyin hanyar goron Gwanja

A bakin tekun Akra, babban birnin ƙasar Gana, akwai wata doguwar hasumiya mai fentin ja da fari wadda ake hangowa daga nesa. Ita ce hasumiyar unguwar Jamestown, wadda aka gina domin haska wa jiragen ruwa hanya da dare. Mutumin Malisa ko Kalgo da bai taɓa ganin teku ba zai iya ɗauka babu abin da ya haɗa shi da wannan gini, amma tarihin goron da ake rabawa a ɗaurin aure da suna a ƙasar Gwandu ya bi ta gabanta.

Yadda aka gina ta

Turawan Ingila ne suka fara kafa fitila a wurin a shekarar 1871, shekara 6 kafin su mayar da hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Akra a 1877. Ginin da ake gani yanzu an yi shi ne a shekarun 1930 domin maye gurbin na farkon. Tsayinsa mita 28 ne, zagayayye, an yi shi da dutse, kuma a jikinsa akwai gidan mai kula da fitila. A can ƙololuwa akwai ɗakin gilashi inda fitilar take, da ɗan baranda da ya kewaye shi.

Tsayin yana da dalili. Da yake duniya a dunƙule take, fitilar da ke ƙasa-ƙasa takan ɓace wa jirgi tun bai yi nisa ba. Gwargwadon yadda aka ɗaga ta, gwargwadon nisan da za a hango ta. Hasken ta Jamestown yana kaiwa kimanin kilomita 30 a cikin teku, wato kusan nisan Birnin Kebbi zuwa Jega.

Fentin ja da fari kuma alama ce ta rana, domin matuƙi ya bambanta hasumiyar da sauran gine-ginen gari. Da dare, kowace hasumiya tana da nata salon walƙiya da aka rubuta a taswirar matuƙa. Idan matuƙi ya ƙirga sau nawa haske ya ƙifta da daƙiƙa nawa ke tsakani, sai ya san gaɓar wane gari yake fuskanta.

Dabarar tattara hasken irin waɗannan fitilu ta samo asali ne daga wani Bafaranshe, Augustin Fresnel, wanda ya ƙera gilashi mai zobba-zobba da ke haɗa haske ya cilla shi wuri guda. An fara amfani da shi a Faransa a 1823. Amma ita sana'ar ta girmi hakan nesa ba kusa ba: hasumiyar Iskandariyya ta Masar, wadda aka gina kusan shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta yi ƙarnoni tana aiki. Ibn Batuta ya same ta a rushe a 1349, daga baya Sarki Ƙaitbai ya gina ganuwa a gurbinta.

Daga bayan jaki zuwa cikin jirgi

A ƙarni na 19, goron da ake ci a Daular Sakkwato yana fitowa ne daga dazukan Asante, a kawo shi kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja. Ayarin fatake ƙarƙashin madugu kan tashi daga Kano ko Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su haye Kwara, su ratsa Borgu, su isa Salaga bayan watanni. Jega, wadda ke ƙarƙashin Gwandu, tana cikin manyan zangon wannan hanya, kuma kasuwarta ta yi suna da goro. Tafiyar ba ta da sauƙi: ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a kowace ƙasa, ga goron da sai ana kwance huhu ana yayyafa masa ruwa ana tsince wanda ya lalace.

Abubuwa sun fara sauyawa bayan Turawa sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, yaƙin da suka yi amfani da sojojin Hausawa da aka kwaso daga Legas. Ƙarfin Asante a kan Salaga ya karye, sannan yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa kasuwar. Sannu a hankali goro ya juya kudu zuwa gaɓar teku, ana loda shi a jiragen ruwa daga Akra da Sekondi zuwa Legas. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin 'yan kasuwar Arewa na farko da suka rungumi wannan hanya ta ruwa, kafin ya shahara a cinikin gyaɗa. A Akra ma, wadda tsofaffin fatake ke kira Ankara, Hausawa sun kafa zango, daga baya aka buɗe Sabon Zango a farkon ƙarni na 20.

Akra ba ta da tashar ruwa mai zurfi a lokacin. Manyan jirage kan tsaya can cikin teku, sai matuƙa kwalekwale su yi ta jigilar kaya da mutane ta cikin igiyar ruwa mai ƙarfi. Jirgin da ya iso da dare ba shi da abin dogaro wajen sanin inda zai jefa anga sai fitilar Jamestown.

Ribar da gaɓar teku ta samu, asara ce ga garuruwan zango na cikin ƙasa, domin ayarin da ke ciyar da masu masauki da dillalai da masu fito ya ragu. Ita ma Akra ba ta dawwama a kai ba. An buɗe tashar Takoradi a 1928, sannan ta Tema a 1962, wadda ta kwashe manyan jirage gaba ɗaya. Manoman ƙasar Yarbawa kuma sun dasa irin goron na Gwanja da yawa, shi ya sa mafi yawan goron da ke shigowa kasuwannin Kebbi a yau daga kudancin Najeriya yake.

Ga mai son kai ziyara

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Gana saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma sai da fasfo da katin rigakafin shawara. Ta mota ana bi ta Legas, Seme, Kwatano, Lome, a shiga Gana ta Aflao.

Hasumiyar tana bakin babban titin da ya ratsa tsohon garin Akra, ba nisa da kasuwar Makola. Ana hawa ta ne ta matakala mai murɗewa, matsattsiya, don haka mai ciwon gwiwa ko mai jiri ya yi tunani kafin ya fara. Yana da kyau a daidaita kuɗin shiga da mai rakiya tun a ƙasa.

Daga sama ana ganin ganuwar James Fort, wadda Ingilishi suka gina a 1673, inda aka tsare bayi kafin a tsallaka da su teku, kuma inda aka ɗaure Kwame Nkrumah daga 1950 zuwa 1951. Gaba kaɗan akwai Ussher Fort ta mutanen Holan. Duka biyun suna cikin wuraren tarihi da UNESCO ta amince da su a 1979. A ƙasa kuma ga ɗaruruwan kwalekwalen masunta 'yan ƙabilar Ga, waɗanda bisa al'ada ba sa shiga teku ranar Talata.

Jamestown unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi, kuma mazaunanta ba sa son a ɗauke su hoto ba tare da izini ba. A shekarun baya, an riƙa gudanar da bikin zane-zane na Chale Wote a unguwar a watan Agusta, lokacin da titunan kan cika maƙil. Bayan an sauko, tasi zai kai mutum Sabon Zango ko Nima, inda zai yi sallah, ya ci tuwo, ya yi ciniki da Hausa.