Ɗakin Da Ake Naɗewa A Ja

Abin da ya sa na ɗauki biro a wannan karon wani abin takaici ne da ya same mu a bikin 'yar gwaggona, wadda aka kai wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar.

Daga Gumel muka taso da kayan jere cikin a-kori-kura, muna ta guɗa da shewa. Inda kwalta ta ƙare sai rairayi, kun dai san ƙasar tamu, direba ya ce shi fa nan ya tsaya. Dole aka nemo amalanken shanu. Cikin kayan akwai wata ƙatuwar sif mai madubi, wadda kafinta ya buga mata ƙusa ta ko'ina, ba ta kwancewa ko kaɗan. Dattijon mai amalanke ya dube ta ya girgiza kai, ya ce wa gwaggo, “Hajiya, wannan a bar ta sai an yi mata sawu na daban.” Gwaggo ta ce, “Haba Baba, a kai amarya ba sif? Me dangin miji za su ce?” Aka ɗora ta a baya, rabinta na reto a waje.

Wallahi ba mu yi nisa ba muka iso wani ɗan tudu. Nauyi ya rinjaya baya, karkiya ta ɗaga sama tana shaƙe bijiman, suka fizga, igiya ta tsinke. Ƙarar fashewar madubin nan har yau tana kunnena. Amarya kuwa da labari ya kai mata, kukan da ta yi ya fi na rabuwa da gida.

Da nake ba Yayana labari sai ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa. Ashe a Amurka akwai ƙananan ɗakuna masu tayoyi da ake maƙalawa a bayan mota a tafi yawon shan iska, irin na kamfanin Aliner. Bangonsu mai ƙarfi ne, ba tanti ba ne, amma idan za a tafi sai a kwantar da bangon da rufin su koma kamar akwati, don kada iska ta riƙa dukansu a hanya. In an isa a ɗaga, ga gado ga wurin girki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙa'idar ja. Kafin mutum ya saya sai ya duba iya nauyin da motarsa za ta iya ja. Wajen lodi kuma kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, daidai saman tayoyi ko gaba kaɗan, ta yadda kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin zai sauka a kan ƙugiyar motar. In nauyi ya koma baya sai ɗakin ya fara lilo hagu da dama har ya kifar da motar. Na ce ikon Allah! Ai abin da Baba mai amalanke ya hango ke nan, shi da bai taɓa shiga aji ba.

Mu ma fa muna da irin namu ɗakin na naɗewa, raina shi kawai muke yi. Duk wadda ta taɓa zuwa Maigatari ranar Alhamis, ranar da kasuwar dabbobi ke ci, ta ga Fulani da Buzaye daga ciki da wajen iyakar Nijar. A wurin Fulanin daji mace ce ke kafa bukkarta, ita ce kuma ke kwance ta ranar tashi. A wurin Buzaye ma tanti na matar ne, danginta ke haɗa mata, ko aure ya mutu da abinta take tafiya. Wata dattijuwar Bafulatana mai sayar da nono na taɓa tambaya yadda suke yi da gado. Ta yi dariya ta ce, “'Yar nan, gadon da ba ya hawa jaki ai ba nawa ba ne.” Sanduna ne da asabari, a kwance a ɗaure, ƙorai kuma a jera ƙarama cikin babba, komai ya hau bayan jaki ko takarkari, a raba nauyin daidai gefe da gefe.

To ƙawata, ban ce ki tafi gidan miji da asabari ba, kada ki je ki haɗa ni da Umma. Amma kafin a ba kafinta kuɗi ki tambayi hanyar garin da za a kai ki, ki kuma tambayi faɗin ƙofar ɗakin, don na ga inda aka fasa bango saboda gado. Ki ce a yi miki gado da sif masu noti, waɗanda ake kwancewa fallen-fallen. Madubi a cire shi a naɗe cikin bargo, wata ta rungume shi a cinya. Katifa da filo su hau sama, akwatin kwanuka da tukwane su zauna ƙasa a tsakiya. In kuma mai amalanke ya ce sawu biyu, don Allah a biya shi sawu biyu.

Wannan ya fi zama dole in angon naki ma'aikaci ne da ake yi wa canjin wurin aiki. Mijin 'yar gwaggon tawa malamin makaranta ne, sau biyu ke nan suna tashi, yanzu suna wajen Gagarawa. Gadonta mai noti ya bi ta duk inda ta je. Sif ɗin kuwa tana can a zauren surukanta, kaji na kwana a ciki.